Murhun Laka da Kajin Inna

Shekarun baya, lokacin ina aji uku a jami'a a Kafin Hausa, ba ni da wani buri da ya wuce in gama in huta. Aikin jinya na nema, aka ba ni kimiyyar muhalli, na karɓa ina ta kumbure-kumbure. Kujerar baya ce wurina a aji, kusa da taga, inda iska take. Masu ganina yanzu ina yawo ƙauye-ƙauye ina cika mutane da surutun murhu da itace suna zaton da son abin aka haife ni. Ina! Bari ku ji yadda aka yi.

Wata rana wata malamarmu ta shigo aji ta ce tana neman ɗaliban da za su taya ta wani bincike a wani ƙauye da ke bayan Jahun. Maza suka ɗaga hannu rututu. Ni ko kallon wajen ban yi ba. Bayan an tashi sai ta aiko a kira ni ofis. Na tafi ina ta tunanin laifin da na yi.

Ta ce, "Zauna. Gidajen da za mu yi aiki a cikinsu maza ba sa shiga, mace nake buƙata. Na bi sauran 'yan ajinku, daga mai goyo sai mai tsohon ciki sai mai tsoron rana. Ke kika rage."

Kun ji fa. Ba don ƙwaƙwalwa aka zaɓe ni ba, don babu kowa ne. Kunyarta ce kawai ta sa na ce to.

Aikin a kan wani murhu ne na laka, wanda ake kwaɓawa da ƙaiƙayi a gina shi kewaye da tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta zura itace. Wuta ba ta watsewa gefe kamar a murhun duwatsu. Malama ta gwada shi a makaranta ta ga itacen da yake ci bai kai na murhun da muka saba da shi ba, hayaƙinsa ma da sauƙi. Aka gina shi a wasu gidaje 'yan kaɗan a ƙauyen don gwaji. Wata ƙungiya kuma ta yi alkawarin idan aka tabbatar yana rage cin itace a gidajen mutane, ba a makaranta kawai ba, za ta ɗauki nauyin gina wa kowane gida. Ƙauyen kuwa suna cikin wahalar itace. Bishiyoyin kusa sun ƙare, sai mata su yi nisa, ko su ƙona karan da ya kamata a yi danga da shi.

Aka raba aiki. Maza su ne da gidaje masu tsohon murhu. Maigida ya fito musu da itace ƙofar gida da safe, su rataya a sikeli mai ƙugiya su auna, su kama gabansu, da yamma su dawo su auna abin da ya rage. Ni kuma nawa gidajen sabon murhu ne, kuma dole in shiga in wuni, in ga yadda ake hura shi da yadda tukunya ke zama a kai. Duk Asabar muke zuwa.

Ranar farko aka tara mata a gidan maigari. Waɗanda ba a gina wa ba suka taso ni a gaba: "To mu fa, Malama ƙarama? Mu ba ma girki ne?" Ni kuma da na ji an ce min Malama sai kaina ya kumbura. Na gyara mayafi na ce, "Kowa zai samu in sha Allahu, ku bar wannan a hannuna." Kamar laka da ƙungiyar duk na gidanmu ne.

A gidan Inna aka sauke ni. Dattijuwa ce gajeriya, mai murya kamar ta mutum biyu, kuma duk matan unguwar ita suke saurare. Idanunta kullum jajur, suna ruwa, tana sharewa da gefen zani. Na tambaye ta ko ciwo ne, ta ce, "Wane ciwo? Tun ina yarinya nake busa wuta." Daga gidanta nake wucewa duk gidan da zan wuni a ranar.

Jama'a, na ci daɗi! Kafin in gama sallama an kawo ruwa da fura mai sanyi. Kafin azahar shinkafa ta sauka, ga miya ja wur, ga kaza. Wani gidan zabo, wani gidan dambu da man shanu. Kafin in tafi a soya min gyaɗa, a dafa min ƙwai in riƙe a mota. Ni da na saba da taliya da garin kwaki a makaranta, sai na fara ɗokin Asabar tun daga Laraba. Ina ci, ina aunawa, ina rubutawa, ina cewa a raina ashe haka bincike yake da daɗi aka ɓoye mana.

Bayan wasu makonni Malama ta tara mu ta haɗa awon kowa. Ta daɗe tana kallon takardun. Sannan ta ɗago ta ce, "Bisa abin da ke gabana, sabon murhu ya fi tsohon cin itace."

Maza suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malama, a duba dai, ƙila a kife take riƙe sikelin." Wallahi da ba a gaban Malama ba ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Aka kawo sikelina aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Aka sa na auna itace a gabansu, daidai na karanta.

Malama ta sallami mazan ta ce in tsaya. Ta ce, "Ban ce kin yi wasa da aiki ba. Amma ni ba zan rubuta abin da ban gani ba. Kafin damina ta sauka za mu miƙa rahoto. Idan har lokacin haka abin yake, haka zan rubuta, kuma kin san ba za a gina wa kowa ba."

Fuskokin matan nan kawai nake gani, da bakina da ya ce su bar shi a hannuna. Asabar ɗin da ta biyo baya na je na wuni jikina a sanyaye, aka yanka kaza, na ci, awo ya sake fitowa yadda ya saba. Maimakon in koma makaranta sai na hau motar Dutse, na yi gida unguwar Yalwawa.

Mahaifiyata malamar firamare ce, kuma a ƙauye ta tashi. Ta zubo min tuwo na ce na ƙoshi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kam wannan binciken ya karɓe ki. Dubi kumatu. Me suke ba ki ne a can?"

Na fara jero mata, har da ɗan alfahari. Shinkafa, kaza, zabo, dambu, ƙwai.

Ta ce, "Kullum?"

Na ce, "Duk ranar da na je, Umma. Mutanen kirki ne."

Ta ajiye cokalin hannunta. "To ke a tunaninki haka suke ci ranar Talata?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Mutumin da abincinsa tuwo da miyar kuka, da safe a ɗumama, ya ga baƙuwa daga jami'a, ya ɗora shinkafa, ya ɗora ruwan fige kaza, ya dafa ta, ya soya ta. Da me ya yi duk wannan? Da hasken rana? Ai ke ba murhu kike aunawa ba, karamcinsu kike aunawa." Sai dariya ta kama ta, har tana riƙe ciki. Da ta lafa kuma sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kajin nan da kike gani, su ne asusunsu. Su ake kamawa a kai kasuwar Jahun ranar da yaro ya kwanta ciwo."

Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Kunya ta rufe ni. Na yi kuka sosai a ranar, ba zan ɓoye ba.

Na ɗauka tunda an gano matsalar ai an gama. Asabar na zuwa na sami Inna na ce, "Inna, don Allah yau kada a dafa min komai, a yi abin da aka saba kawai." Fuskarta ta canza nan take. Ta ce, "Au, abincin namu ne bai yi miki ba? Ko wani abu kika gani a ciki?" Na shiga rantse-rantse, ina ba haka nake nufi ba. Don ta tabbatar na huce, ranar zabi biyu aka yanka.

Mako na gaba na zo da dabara. Dama ana bina ramuwar azumi, sai na ɗauka ranar Asabar, na shiga da ƙarfin gwiwata na ce yau ina azumi. Inna ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ga rana ga tafiya!" Tun la'asar aka ɗora kunun tsamiya, aka soya ƙosai, aka yi farfesu, aka ɗaure min a kwanuka in sha ruwa a hanya. Itacen da aka ƙona ranar ya fi na kullum. Ina zaune a motar haya da kwanuka a cinya, ƙamshi ya cika motar, ni kuwa ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. Na koma wa Umma na ce na gaji, zan je in gaya wa matan gaskiya, su yi haƙuri. Ta ce, "Ba a hana mai gida karrama baƙo, sai dai ki daina zama baƙuwar. Yaushe za ku yi hutu?" Na ce saura kwana kaɗan. Ta ce, "Bar ni da Abbanku."

Ban san me ta gaya wa mahaifina ba, na dai ji yana cewa, "In dai da ke za a je a ga gidan, shi kenan." Na gaya wa Malama, ta ce in gwada. Ranar da aka yi hutu Umma ta sa na haɗa kayana a jaka, ta sayi goro da sabulu da turmin atamfa, muka hau mota har ƙauyen.

Bayan sun gaisa da Inna, sun tambayi juna mutan gida da gajiya, sun gano ma wata 'yar'uwar kakata ta taɓa aure a wani gari kusa da nan, sai Umma ta gyara zama ta ce, "Yaya, ga 'yarki na kawo miki. Boko ya cinye ta. Wannan da kike gani ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba. Ni kullum ina makaranta, na gaza. Ki riƙe ta hutun nan ki gyara min ita. In ta yi ba daidai ba kada ki raga mata."

Inna ta juyo ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Ko talge?"

Umma ta ce, "Ko talge."

Inna ta tafa hannu. "Innalillahi! Shi ne take zuwa tana auna mana itace?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin haushin kuma ba sharri Umma ta yi min ba. A kan gas na tashi, abin da na iya bai wuce dafa-duka ba.

Kwanakin farko ba a sake ni gaba ɗaya ba. Matar ɗan Inna, wadda suke zaune tare, tana karɓe tsintsiya daga hannuna, ana kuma ɗan sa min man shanu a miya fiye da na kowa. Amma an daina yanka. Inna ta sa ni gaban tukunya ta miƙo min muciya. Tuwona na farko gudaji ne zalla, har akuyar gidan sai da ta shinshina ta yi tunani. Hannuna ya yi kanta, idona ya sha hayaƙi a gidan maƙwabta masu tsohon murhu, na gane abin da ya mai da idon Inna haka.

Sai wata safiya, bayan na yi sallar asuba na koma na kwanta, barci ya kwashe ni. Muryar Inna ce ta tashe ni, tun daga tsakar gida: "Ke! Rana ta fito kina kwance kamar matar gwamna? Wa kika ajiye zai share miki gidan? Tashi! Ga ɗumame can a tukunya, in kin ga dama ki ɗiba, ba mai kawo miki."

Na fito da sauri ina gyara ɗankwali. Na share gidan, na ɗauki kwano na kankaro ɗumamen da kaina, har da ƙanzo, na zauna a kan turmi ina ci. Ina ci ina murmushi kamar wata sakarya. Matar ɗanta ta ce, "Lafiya? An yi miki faɗa kina dariya?" A rayuwata ba a taɓa yi min faɗan da ya yi min daɗi kamar wannan ba.

Daga nan komai ya sauya. Duk gidan da na shiga sai a ce, "Au, 'yar gidan Inna ce," kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Wata ta miƙo min goyo, wata ta ce in taya ta tsince wake. In lokacin cin abinci ya yi a ce in sa hannu a kwano ɗaya, abin da aka dafa shi aka dafa. Da izinin Malama na riƙa auna gidajen sabon murhu da na tsoho duka, kullum, ba Asabar kaɗai ba. Kuma da yake yanzu ni ma ina tuƙi, na ji da hannuna cewa murhun ya yi tsayi, tukunya tana rawa idan tuwo ya yi ƙarfi. Matan sun daɗe da sanin haka, kunyar baƙi ce ta hana su faɗa. Yanzu kuwa har da ƙari suke gaya min.

An yi ruwan farko ina can. Washegari na tattara awona na tafi wajen Malama, na zauna ina kallon bakinta. Ta duba, ta sake dubawa. Sabon murhu ya rage cin itace, ragi na a-zo-a-gani. Bai kai yadda ya yi a makaranta ba, amma ba mai kallon awon ya yi musu. Ta ce in ba ta labarin yadda aka yi. Da na zo wajen azumi da farfesu sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Ta rubuta komai a rahoton, har da maganar tsayin murhun, ta kuma sa sunana a cikin waɗanda suka yi aikin. Wanda ya ce a kife nake riƙe sikeli shi ya fara yi min barka, na karɓa, amma sai da na ja masa rai.

Bayan girbi aka fara gini, gida-gida, an rage tsayin. Matan garin masu ginin tukwane aka koya wa, su suka yi. Ranar da aka gama na unguwar ƙarshe, wata daga cikin waɗanda suka taso ni a gidan maigari ta kama hannuna ta ce, "Ashe da gaske kike." Na ce da gaske nake mana. Allah ne kaɗai ya san yadda na kwana da maganar nan wata da watanni.

A kan murhun na yi aikina na kammala digiri, kuma har yau a wannan fannin nake cin abinci. Idan ɗalibai suka tambaye ni ko su shiga irin wannan aikin na malamansu, cewa nake su shiga, ko da kuwa don babu kowa aka kira su. Ina kuma gaya musu mutanenmu ba za su taɓa nuna wa baƙo yadda suke rayuwa ba, mafi kyawun abin da suke da shi za su nuna masa, ko da shi ne na ƙarshe. Ina gode wa Malama da ta ƙi rubuta ƙarya don ta faranta min. Ina gode wa Umma da ta tona min asiri a gaban mutane don ta rufa min shi. Inna kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Da safe aka kira ni, muka kama hanya ni da Umma daga Dutse. A mota ina ta shirya abin da zan ce wa iyalanta. Muna shiga na tarar da gidan cike, maƙwabta suna ta shigowa da kwanukan abincin sadaka, kowacce ta dafo a gidanta. Na durƙusa zan yi wa matar ɗanta gaisuwa, sai ta kama hannuna ta ce, "Me kike yi haka? Taso." Ta ja ni har ɗakin Inna, ta zaunar da ni a cikin 'ya'yanta da jikokinta, a jerin masu karɓar gaisuwa.

Mata suka riƙa shigowa, suna bin mu ɗaya bayan ɗaya. In an zo kaina a ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna." Ina amsawa, ina daurewa. Can sai ga Umma ta shigo a cikin layin. Ta gaisa da na kusa da ni, ta matso gabana, ta durƙusa kamar yadda kowa ya yi. Ta dube ni ta ce, "Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan mahaifiyarki."

A nan ne na kasa amsawa.